Daga Sunan Gari Zuwa Sunan Gida: Makarfi, Ikara, Kudan da Wani Ƙauye a Ingila

 

An ce in yi magana a kan sunan da muke ɗorawa a bayan sunan yanka, musamman sunan gari. Wanda ya zaɓi wannan yanki don a yi maganar ya iya zaɓe. Je ka Legas ko Fatakwal ka ce "Makarfi". Kafin wani ya tuna da kasuwar rake, mutum za a tuna: Ahmed Mohammed Makarfi, gwamnan Kaduna daga 1999 zuwa 2007, sanata daga 2007 zuwa 2015, shugaban riƙon jam'iyyar PDP a 2016 da 2017. Ka ce "Hunkuyi" a Abuja, ɗan jarida zai ce maka Sanata Suleiman Othman Hunkuyi, mai yiwuwa ma bai san a garin ne hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan take ba. Ka ce "Kudan", a kawo maka Isa Ashiru, wanda ya wakilci Makarfi da Kudan a majalisar tarayya, ya kuma nemi gwamna a 2019 da 2023. Masu karatun tarihi kuwa, da sun ji "Ikara" sai su tuna da Dakta Bashir Ikara, wanda ya shugabanci Gidan Arewa a Kaduna. Garuruwa huɗu maƙwabtan juna, kowanne ya zama sunan mutum. Yaushe aka fara haka, me ya kawo shi, kuma ina zai kai mu? Zan bi ta Ingila kafin in dawo gida, domin su sun riga mu bin wannan hanya da shekaru ɗaruruwa, ƙarshenta kuma a rubuce yake.

Kafin shekarar 1066 mutumin Ingila suna ɗaya gare shi, sai laƙabi idan jama'a sun ga dama, kuma tare da laƙabin ake binne shi, ɗansa ba ya gada. A wannan shekara Sarki William ya taso daga arewacin Faransa ya ci ƙasar da yaƙi, ya raba filayenta ga jarumansa. A 1086 ya sa aka ƙidaya ƙasa da dukiya, ƙauye bayan ƙauye, aka tara a littafin da ake kira Domesday. Masu filayen nan su suka fara kiran kansu da sunan ƙauyen da suke ci, kuma dalilin gado ne: ɗa yana so a san shi ne magajin wuri. Talaka bai shiga ba sai daga baya, shi ma mai karɓar haraji ne ya shigar da shi. An yi kuɗin kai a 1377 da 1379 da 1381, na ƙarshen har ya jawo boren manoma. Wajen shekarar 1400 mafi yawan gidaje a Ingila sun sami sunan da ɗa yake gada daga uba. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowane coci ya riƙa rubuta wanda aka yi wa wankan tsarki, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Daga nan suna ya manne da takarda.

Ta ƙofa huɗu sunayensu suka shigo: sana'a, sunan uba, siffa, da wuri. Smith maƙeri ne, Taylor tela, Johnson ɗan John, Long dogo. Kowane ƙauye yana da maƙeri, shi ya sa Smith ya fi kowane suna yawa a can. Sunayen da ba a cika ji ba kuwa, da yawansu na ƙananan ƙauyuka ne, waɗanda gida ɗaya ko biyu kaɗai suka ɗauka.

Ga ɗaya daga cikinsu, wanda kowa a ɗakin nan ya san shi, amma a matsayin birni. A arewa maso gabashin Ingila, kusa da Sunderland, akwai wani ƙauye da a da ake rubuta shi Wessyngton. Littafin Boldon, wato ƙidayar filayen Bishof ɗin Durham ta shekarar 1183, ya nuna wani mai suna William de Hertburn yana riƙe da ƙauyen, bayan ya yi musanyarsa da Hertburn, garin da ake kiransa da shi. Da ya sauya gari, sai gidan ya sauya suna, suka koma 'yan Wessyngton. Ku lura da wannan, domin daidai yake da abin da muke yi a yau: suna yana bin mazauni. Amma bayan haka sai ya daskare. Zuriyar ta watsu, wani reshe ya koma Lancashire, daga cikinsa aka sami Lawrence Washington, attajirin ulu da ya riƙe magajin garin Northampton, ya sayi gidan gona a Sulgrave wajen 1540. Shi da ƙauyen asali sai a labari, amma sunan yana wuyansa. Wajen 1657 wani daga zuriyarsa, John, ya tsallaka teku zuwa Virginia. Tattaɓa-kunnen John shi ne George Washington, wanda aka haifa a 1732, ya zama shugaban Amurka na farko a 1789.

George bai haifu ba. A Ingila kuma sunan bai taɓa yawa ba. To amma a ƙidayar Amurka ta 2000 an sami mutum sama da 160,000 masu sunan, kuma kusan kashi 90 cikin 100 baƙar fata ne. Da aka soke bauta a 1865, bayin da aka 'yanta sun bukaci suna na biyu don takardun aiki da na aure da na zaɓe, da yawa suka zaɓi sunan da ya fi kowane girma a ƙasar. Booker T. Washington, wanda ya jagoranci makarantar Tuskegee tun buɗe ta a 1881, ya ba da labarin yadda ya sami nasa: ranar da ya shiga makaranta ya ji ana kiran kowane yaro da suna biyu, shi kuwa Booker kaɗai ya sani, da layi ya zo kansa sai ya ƙara Washington. Ku riƙe wannan rajistar makaranta, za mu sake haɗuwa da ita a Katsina.

Mu dawo gida. Bahaushe bai taɓa ƙarancin suna ba, yawa ma ya yi masa. Rana ta bakwai a yanka rago, liman ya raɗa suna, maroƙi ya shelanta. Kafin la'asar kuma mata sun sa nasu. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, matar gida ba ta faɗin sunan miji ko na suruki, saboda haka yaron da ya ci sunan kakansa sai ya koma Abba ko Babangida, yarinya ta koma Uwani ko Iya. Wanda ya zo ran Laraba Balarabe, wadda ta zo ran Juma'a Jummai. Namijin da ya biyo mata Tanko, macen da ta biyo maza Kande, wanda ya biyo tagwaye Gambo, na lokacin noma Nomau, ɗan mai wabi Ajuji ko Bawa, don a ɓatar da hankalin mutuwa. A ƙauyukan Maguzawan da ke yankin nan har yanzu za ka ji irin waɗannan sunaye da ƙarfinsu. Idan kuma Audu biyu suka haɗu a unguwa, a ce Audu Maƙeri da Audu Dogo, ko Audu na gidan Liman. Ƙofofin nan huɗu na Ingila duk muna da su.

Abin da ba mu da shi shi ne daskarewa. Musa ɗan Isa, Haruna ɗan Musa, Sani ɗan Haruna: kamar rake ne, kowace gaɓa tana riƙe da wadda ke ƙasanta, amma kowace da iyakarta. Ɗan Audu Maƙeri idan ya koma fawa, Mahauci za a ce masa. Aikin da sunan gado yake yi wa Bature, wasu abubuwa ne suke yi mana shi. Askar wanzami tana yi: tsagen fuska yana faɗin asali tun kafin mutum ya buɗe baki. Sunan zuriya yana yi, kamar gidajen sarautar Zazzau huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Wasan barkwanci ma yana yi, don Bakano ba ya tsokanar mutum sai ya tabbata Bazazzagi ne.

Sunan gari kuwa, sai an bar gida yake fitowa. Ba wanda ake kira Makarfi a cikin Makarfi. Fatakenmu da suka bi hanyar Gwanja, a zango ne suka zama Bakano da Bakatsine. Malaminmu Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi, a Alƙahira ya rasu a 1741 yana ɗauke da sunan Katsina. Jikokin alhazan da suka tafi a ƙasa suka zauna a Makka da Madina, yau Hausawi da Barnawi da Fallata ne sunan gidajensu a takardun Saudiyya, har a cikin 'yan ƙwallon ƙasar. Al'adar malamai ce tsohuwa. Imamu Buhari sunansa Muhammadu ɗan Isma'ila, Buhara gari ne da ke Uzbekistan a yau. Ku ga yadda abin ya zaga: sunan gari ya zama alamar malami, don ƙaunar malamin ya zama sunan yanka a ƙasar Hausa, aka raɗa wa wani yaro a Daura wanda mahaifinsa Adamu ne, yau kuma 'ya'yan wannan yaro, tsohon shugaban ƙasa, suna rubuta Buhari a gurbin sunan gida.

Turawa sun ci Zariya a 1902. Ba da daɗewa ba aka fitar da hakimai daga birni su zauna a gundumominsu, aka haɗa su da malaman haraji. Amma haraji bai yi mana abin da ya yi wa Ingila ba, domin dagaci da mai unguwa sun san kowane magidanci da ido, takarda shaida ce kawai. Makarantar kwana ce ta yi aikin. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe tasa a Nasarawan Kano a 1909. A 1922 aka buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938, ta dawo Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau. Ka tara yara daga lardi-lardi a aji ɗaya, Muhammadu a gaba, Muhammadu a baya, Abubakar a kowane layi, ga Bature da rajista mai gurbi biyu. Ka kuma tambayi yaro sunan ubansa a gaban jama'a, ya sunkuyar da kai, don ba tarbiyyarsa ba ce. Sunan gari ya raba gardama, ba kunya a faɗinsa, ba kuma wanda zai ce bai da shi. Sardauna a Katsina Ahmadu Raɓa ne, daga baya ya ɗauki sunan kakan mahaifinsa, Sarkin Musulmi Bello. Abubakar ya zauna da sunan Tafawa Ɓalewa. Haka Isa Kaita da Yahaya Gusau. Aminu ɗan Malam Yusufu ya zama Aminu Kano, Shehu ɗan Aliyu ya zama Shehu Shagari. Waɗannan su suka zama ministoci da shugabannin jam'iyyu, abin da babba ya yi kuwa shi yaro yake koyi. Masu aika wasiƙa ga Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, da masu aika gaisuwa gidan rediyo, kowa ya riƙa rufe sunansa da garinsu. Mawaƙa ma haka: Mu'azu Haɗeja, Sa'idu Faru, Ɗanmaraya Jos.

Siyasa ta zo ta ƙara masa daraja. Sunan gari a jikin fosta ƙuri'a ce, yana cewa ni naku ne ba tare da an hau mumbari ba. Kwankwaso, Ganduje, Wamakko, Tambuwal, Bafarawa: duk garuruwa ne.

A gefe guda kuma wasu gidaje sun fara daskarar da suna tun da wuri, su ne waɗanda suka riga kowa hulɗa da takarda. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, laƙabinsa ya zama sunan 'ya'ya da jikoki, domin sunan kamfani ne, banki ya san shi. Gidajen Wusasa, irin na Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau nan maƙwabtanmu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, sun ɗauki tsarin mishan. Nuhu Bamalli, Magajin Garin Zazzau, ya ɗauki sunan zuriyarsu, ɗansa Ahmed Nuhu Bamalli ya hau gadon sarauta da shi a 2020. Shaihu Abubakar Gumi sunan garinsu ya ɗauka, 'ya'yansa suka gada, ko da a wani wuri suka tashi. Wannan na ƙarshe shi ne matakin Lawrence Washington: gari ya zama gado. A kansa muke yanzu. Akwai yara a Kaduna da Abuja da ke rubuta Kudan ko Ikara a takardar jarrabawa, alhali sai da salla ake kawo su.

Abin da zai ƙarasa aikin ya riga ya iso. Turkiyya doka ta kafa a 1934, ta ce kowa ya zaɓi sunan gida. Mu ba a yi mana doka irin wannan ba, fom aka miƙo mana. An kawo lambar BVN ta banki a 2014. A watan Disamba na 2020 aka ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar ɗan ƙasa, a 2021 hukumar JAMB ta ce ba rajista sai da lambar. Kwamfuta ba ta san alkunya ba, ba ta san laƙabi ba, ba ta kuma san Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ba ne. Kowa a nan ya san irin labarin. Yaro a firamare Sani Musa ne. A sakandare aka sami wani Sani Musa, sai aka ƙara masa Gimi. Mai cike fom a shagon kwamfuta ya juya shi ya zama Musa Sani. Ranar da aka ba shi gurbin karatu sai a ce mutum uku ne. Daga nan sai kotu don takardar rantsuwa, sai jarida don sanarwar gyaran suna, sai jeka ka dawo. Tsoho ya je karɓar fansho a ce sunansa bai dace ba, maniyyaci ya biya kuɗin kujera fasfo ya tsaya. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya rubuta sunan uba, ɗaya na kaka, na uku na gari, a takarda ba abin da ya haɗa su.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Sunan uba ya zauna a wurinsa, kada gari ya ture shi. Aya ta biyar a Suratul Ahzab ta yi umarni a danganta mutum ga mahaifinsa, a kan haka Zaidu ya koma ɗan Harisa. Rabon gado da sanin wanda ya halatta a aura duk a kan nasaba suke tafiya, gari kuwa ba ya tabbatar da jini. A nan muka bambanta da Ingila ta farko. A can mai ƙauye ne ya fara ɗaukar sunan ƙauye, shi ya sa ake iya bin zuriyar Washington gida bayan gida har zuwa 1183. A nan duk yaron da aka kai makarantar kwana yana da haƙƙin sunan garinsu, ɗan hakimi da ɗan mai rake. Wannan adalci ne, ina kuma son sa. Amma jikanmu da zai zo neman asali nan gaba, idan ya ɗauka duk mai suna Makarfi ɗan'uwansa ne, ya ɓata tun daga ƙofar gida. Yanzu ma ana yi: mutum ya faɗi sunansa a ofis, a miƙe a ba shi kujera, ana zaton ƙanen gwamna ne.

Duk da haka ban ce a yar da sunan gari ba. A ƙasar da Muhammad Abdullahi ya fi ƙarfin ƙirga, shi ne yake fitar da mutum daga cikin taro. Ya zauna na uku, a kuma rubuta shi iri ɗaya tun daga takardar haihuwa. In da za a ji tawa ma, ƙaramin gari ya fi babba amfani. Gubuchi, Ɗanguziri, Gazara, Likoro, Taban Sani, Auchan, Paki, Saulawa: kowanne ya fi sunan ƙaramar hukuma nuna inda mutum ya fito. Ina ganin samari suna tsallake ƙauyensu su ɗauki sunan hedikwata, wai kada a ce musu 'yan ƙauye. Shagari ƙauye ne lokacin da aka rubuta shi a rajistar makaranta, a 1979 kuma da shi aka rantsar da shugaban ƙasa.

Iyayenmu mata, naku ya fi na kowa wuya. Fom ɗin asibiti da na banki sun zo da al'adar Ingila ta mace ta ɗauki sunan gidan miji. Mu ba mu gaji haka ba. Nana Asma'u ta yi zaman aure da Waziri Giɗaɗo shekaru masu yawa, har ta rasu a 1864 'yar Shehu ake ce mata, da sunan mahaifinta take rufe rubutunta. Aure kuma yana mutuwa, ko miji ya rasu a sake wani. Wadda ta sauya takardunta da auren fari, sai ta sake hawa matakalar kotu a na biyu. Ku bar wa 'ya'yanku mata sunan ubansu a takarda.

Ɗalibai, ga aikin da ke jiranku, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Turawa suna iya bin sunayensu ne don wani ya adana takardun haraji da rajistar coci. Namu suna nan. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin kimanta haraji na gundumomin lardin Zazzau, da sunayen ƙauyuka da na dagatai. Akwai Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970 a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta ya sauya sunan yanka amma ya bar na gidansu, wato maƙeri, har ya rasu a 1984. Akwai rajistar shiga ta tsofaffin firamare na Ikara da Makarfi da Kudan da Hunkuyi, in gara ba ta riga ku ba. A ciki za ku ga shekarar da sunan kowane ƙauye ya fara bayyana a bayan sunan yaro, da ko ƙannensa sun bi shi. Sannan akwai tsofaffin mata. Su ne suka san wa ya haifi wa, wa aka yi wa laƙabi don me, wane gida ya taso daga Kano, wanne daga Katsina, wanne aka tarar. Ku je da littafi da alƙalami, ku tafi da goro. Idan kaka ta zo kan sunan mijinta ko na ɗanta na fari za ta yi shiru ko ta kewaye, kada ku matsa mata, ku tambayi kishiyarta ko ƙanwar mijin.

Shugaba, na ga ana duba agogo, ga kuma la'asar ta gabato. A nan zan dakata a karɓi tambayoyi. Mai tambaya ya fara faɗin sunansa cikakke, da na garinsu.